Sunan Fita

Duk ɗan unguwar Kilomita Biyar da ya ce muku bai taɓa aron suna ba a shekarun rikici, ku tambaye shi ko ya taɓa ƙetare gadar Yakite. In ya ƙetare, to ƙarya yake yi, ko da carbi a hannunsa ya faɗa. Ni dai na ara. Sunan fita muke ce masa. Tun daga ƙarshen 2013, da masu adduna suka zagaye unguwarmu suka kafa shingaye, Musulmi ya daina shiga cikin Bangui da sunan da aka raɗa masa. Sai ka zaɓi suna irin na coci, ka yi ta nanata shi a ranka har ya zauna a bakinka, don kada harshe ya sarƙe in an tare ka. Maza su aske gemu su ajiye hula. Mu mata mu ninke hijabi mu bar shi wajen wata tsohuwa mai sayar da gawayi a gindin gada, mu ɗaura ɗankwali irin na matan gari. Da la'asar mu dawo mu karɓi kayanmu.

Lokacin ina shekara ta biyu a sashen shari'a na jami'a. Ba don kishin ƙasa na shiga ba, kada in yi wa kaina ado. Gardama ce ta yi mini yawa tun ina ƙarama, Baba ya ce tunda bakin nan ba ya gajiya gara a kai shi inda zai yi amfani. Burina in gama in tafi Duwala ta Kamaru in zama lauyar 'yan kasuwa, in sa takalmi mai tsini, in huta da ƙurar titin Koudoukou.

A kan titin nan shagon Baba yake, na sari, shinkafa da sukari da man girki. Kakanmu daga ƙasar Damagaram ya zo da fatauci, amma Baba a Bangui aka haife shi, bai taɓa ganin Damagaram ɗin ba sai a labari. Inna kuwa 'yar bakin kogi ce, a coci aka yi mata wanka, ta musulunta da za ta auri Baba. Har yau in ta yi fushi Hausarta gudu take yi, Sango ya fito. Sunanta na da, wanda iyayenta suka sa mata, ba a kiransa a gidanmu. Ni ma a takardar haihuwata na fara ganinsa.

Baba ya tsani sunan fita. Ya ce wanda ya musanta sunansa da safe zai musanta sallarsa da yamma, kuma ba a gidansa ba. Saboda haka ba wanda ke maganar a gida. Ni ban faɗi nawa ba, Yayana bai faɗi nasa ba. Shekara huɗu ya ba ni, kuma shi ne ke ɗaukar kaya a babur yana kai wa tsofaffin masu sayen Baba da ke cikin gari, tunda su tsoro ya hana su shigowa. Baba ya sani sarai buhun sukari ba ya tashi sama ya sauka a kasuwar gari, amma bai taɓa tambayar yadda ake ƙetarawa ba. Wani lokaci mukan haɗu da Yaya a kan gada, ni babu hijabi shi babu hula, sai ya ɗaga mini gira ya wuce kamar bai san ni ba. In mun dawo gida ya ce ɗankwalin ya mai da ni kamar mai sayar da kifi, ni kuma in ce haɓarsa babu gemu kamar an fige kaza.

Ranar wata Talata da safe ya ɗaura jarkoki biyu na mai a bayan babur ya fita. Bai dawo ba.

Mun nema. Mun je masallacin da ake kawo gawarwaki, ni da kaina na tsaya ana buɗe fuskoki, abin da ban taɓa zaton zan iya ba. Wani maƙwabcinmu Kirista da bai gudu ba ya zagaya asibitoci. Baba ya sa an rubuta takardu zuwa ofisoshin 'yan sanda da na jandarma, kowace ɗauke da cikakken sunan Yaya da na Baba da na kaka. Amsa ɗaya ce ke dawowa, babu mai wannan suna. Sati na uku na kasa haƙuri, na ce wa Baba da sunan da ba shi ne a bakinsa ba muke nemansa. Ya dube ni ya ce ɗansa ba zai yi haka ba, kuma in jami'a ce ke koya mini zargin ɗan'uwana to in zauna a gida. Na tashi na bar masa ɗakin, raina kamar ya fashe, don na san ya san gaskiya.

Na bi abokan Yaya 'yan babur ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ba ni suna, wancan ya ba ni wani daban, na uku ya ce ai canzawa yake yi, kowace hanya da nata. Na rasa inda zan kama. Zama ya gagare ni. In an buɗe jami'a in tafi, in zauna a aji, malami yana bayanin haƙƙin wanda ake tuhuma ni kuwa ina leƙen taga duk lokacin da babur ya wuce. In an rufe saboda harbe-harbe, in yi ta auna titin Koudoukou da ƙafa, daga babban masallaci zuwa inda shingen sojojin waje yake in dawo, har masu shago suka fara ce mini sufeto. Unguwar ta zame mini ƙarama, mutane kuma suna ta raguwa, kowane mako manyan motoci na kwasar iyalai zuwa iyakar Kamaru.

A wata na biyar dattawa suka zo wajen Baba. Suka ce a yi wa Yaya sallar gawa a rufe maganar, matarsa ta shiga takaba, don iyayenta za su bi ayari kuma ba za su bar ta ba. Shekara ɗaya da aurensu, tana goyon 'yarsu. Baba ya roƙe su su jira a yi Babbar Salla, in ba labari zai amince. Ina bayan labule na ji. Wata biyu ke nan ya rage a mai da Yayana mamaci, alhali ba wanda ya ga gawarsa.

A cikin wannan halin aka manna sanarwa a jami'a cewa kotu ta koma aiki rabi-rabi, tana neman ɗalibai su taimaka wajen tattara takardu, domin an fasa ofisoshi an watsar da komai. Ni ce ta farko da ta rubuta suna. Aka tura ni ofishin magatakarda, ƙarƙashin wata tsohuwa da kowa ke kira Metir. Gajeriya ce, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare, shekara talatin tana wannan aiki. Ta karanta takardata, mai ɗauke da sunana na gaskiya da unguwarmu, ta dubi ɗankwalina. Ta nuna mini tulin dosiye, wato fayilolin shari'a, da ruwa ya jiƙa a ƙasa ta ce in fara.

A nan na fara ganin rajistar tsararru. Babban littafi ne mai baƙin bango, kowane mutum layi ɗaya: sunansa, sunan uba, sunan uwa, garin haihuwa, ranar da aka kawo shi, laifin da ake tuhumarsa, alƙalin da ke riƙe da maganarsa. Abin da ya fara ba ni tsoro shi ne yawan layukan da gidajen ƙarshe suke fayau. An kawo mutum, an rubuta shi, shi ke nan. Ba tuhuma, ba alƙali, ba ranar zama. A aji an haddasa mana kwanakin da doka ta yarda a tsare mutum kafin a kai shi gaban alƙali, na ci jarrabawa a kai da maki mai kyau, ga shi nan a gabana mutane sun shekara. Na yi wa Metir magana da zafi, kamar ita ta kama su. Ta ce in na gama wa'azi akwai sauran dosiye a bayan kabad.

Duk lokacin da ta fita sai in jawo littafin. Na nemi sunayen da abokan Yaya suka ba ni, babu ko ɗaya. Sai na koma bin kwanan wata. A makon da ya ɓace an kawo mutane da yawa rana ɗaya, an rubuta a gefe da fensir cewa kamen 'yan babur ne bayan wata hatsaniya. Na bi su da yatsa. Sunaye ne irin na kowa, ba abin da za ka kama. Har na kusa rufewa idona ya zame zuwa gidan sunan uwa, sai ga sunan Inna na da, cikakke, da ƙauyensu na bakin kogi. Ya ari suna wa kansa, ya ari wa Baba, da aka zo kan uwa ya faɗi gaskiya. Na zauna a kan dosiyen da ke ƙasa, littafin a buɗe a gabana.

Nan ne na yi wauta ta farko, ban gaya wa kowa ba. Ban gaya wa Metir ba don ina tsoron ta kore ni, ban faɗa a gida ba don ina so in gan shi da idona tukuna. Kuma in faɗi gaskiya, akwai son in shiga gaban Baba in ce ga shi, ni na samo shi, da ma na faɗa maka.

Kwana huɗu bayan haka Metir ta ce za mu je gidan yari mu gwada littafin da mutanen da ke ciki, a san wa ke nan wa ya mutu wa ya gudu. Mu uku ta ɗauka. Aka fito da tsararru tsakar gida, aka zaunar da su a rana layi-layi, aka ajiye mana tebur a inuwar bango. Wari ya buge ni tun daga ƙofa. Da yawansu sanye da layu a damtse, irin waɗanda muke gani a shingaye, don an kama wasu daga cikin masu addunan su ma an zuba su nan. Na gan su, na san ko su wane ne. Ba zan ce ban sani ba.

Metir tana kiran suna, mai shi yana miƙewa, ni ina sa alama. Da ta kira sunan aron nan, wani ramamme ya tashi daga layi na uku, kai a aske, da ƙaramin gicciye na katako a wuya. Wata da watanni ina kwana ina tashi da sunan fita a bakina, ban taɓa kuskure a shinge ba ko sau ɗaya. Amma da na ga kunnuwan nan nasa da muke tsokana tun muna yara, ban san lokacin da na miƙe ba.

“Yaya!” na ce. Kuma ban tsaya nan ba, na bi da sunansa na gaskiya, na ƙara da Hausa cewa ni ce.

Kawuna suka juya, ba wajena ba, wajensa. Ya dube ni ido cikin ido, fuskarsa ba ta motsa ba, ya ce da Sango da murya a sake, “Mbi hinga lo pepe.” Wato bai san ni ba. Ya koma ya zauna.

Metir ta damƙi wuyan hannuna har ƙumbarta ta shige ni. Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, ta ce yarinyar nan ɗan'uwanta ya mutu, duk inda aka je sai ta gan shi a fuskar wani, jiya ma direba ta kama. Wasu suka yi dariya. Wasu ba su yi ba. Ta sa aka fitar da ni, ta ƙarasa kiran sunayen har na ƙarshe ba tare da ta yi sauri ba.

A hanya ta sallami sauran biyun, ta tsayar da ni a gindin wani mangwaro. Ba ta yi mini ihu ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta tambaye ni ko na san su wane ne ke kwana ɗaki ɗaya da shi. Na ce na sani. Ta ce to wata bakwai yaron nan yana gina katanga a kan ransa, na zo na rushe ta da baki ɗaya. Ni kuwa, maimakon in yi shiru, sai gardamar ta motsa. Na ce tsarewar haramtacciya ce, zan rubuta ƙorafi, a gyara sunan a littafi, a fito da shi da sunan ubansa, doka tana bayanmu. Na jero mata sassan doka a tsaye a bakin titi, ina kuka ina jerowa.

Ta bari na gama. Sa'annan ta ce in aka gyara sunan, an ba shi laifin da ba shi da shi jiya, na ba hukuma sunan ƙarya. Za a buɗe masa dosiye, a nemi alƙali, a sa rana, a ɗage, shekara ta wuce. Shi kuwa ba shi da mako. A yanzu ba abin da ke riƙe da shi sai rashin wanda zai tambaya. A rubuta roƙon saki da sunan da ke littafi, a kawo wani nasa ya tsaya masa gaban alƙali da takardar shaida. Na ce ai wannan yi wa kotu ƙarya ne.

“'Yata,” ta ce, “mutum ne a cikin ɗakin can. Ki fito da shi tukuna, ki dawo mu yi gardamar sunan.”

Sai ta tambaye ni wane gida ne gaskiya a layinsa. Na ce na uwa. Ta ce to uwar za ta zo.

Daga nan na nufi unguwarmu. Na karɓi hijabina wajen mai gawayi, na shiga gida, na tarar da Baba da Inna a tsakar gida, matar Yaya tana shanya. Na faɗa musu duka, ban rage komai ba, har ihun da na yi. Inna ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Matar Yaya ta rungume rigar da ke hannunta. Baba bai ce komai ba a kan sunan aro, bai ce komai ba a kan gicciyen. Ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata yana tsaye da ƙafafunsa. Da na kai ga abin da Metir ta ce, cewa sai Inna ta cire hijabi ta je da sunanta na da, na sunkuyar da kai ina jiran tsawa. Ya tashi ya shiga ɗaki. Muna jin yana jan akwatin ƙarfen da yake ajiye takardun shago. Ya fito da wani kati da ya yi ja don tsufa, katin wankan cocin Inna, wanda ita kanta ta ɗauka an ƙone shi tun ranar aurensu. Ya miƙa mata ya ce ta je ta ɗauko masa ɗansa.

Kwana tara aka yi, kuma ba na fatan maƙiyina ya ga irinsu. Na rubuta roƙon a dare ɗaya da safiya ɗaya, Metir ta yayyage shi ta ce wannan huɗuba ce, alƙali layi biyar yake karantawa. Na sake. Muka kai, alƙalin bai zo ba, an tare hanyar unguwarsu. Washegari ya zo, babu takardar bugawa. Da aka samu takarda, hatimi yana aljihun wani da ya tafi jana'iza. Ina hawa bene ina sauka, ina tsayawa a ƙofofi, ina yi wa mutanen da suka isa su haife ni rashin kunya, Metir tana bi tana ba da haƙuri. Ita ce ta samu wani ma'aikacin jinya na gidan yarin ya mai da Yaya ɗakin marasa lafiya, amma sai a rana ta uku hakan ya yiwu. Da na tambaye ta yaya yake, ta ce yana numfashi, in ci gaba da aikina.

Ranar da aka kira Inna, na raka ta har gindin gada. Shekara talatin ba ta fita babu hijabi ba. Ta cire hijabin ta ninke shi a hankali, ta miƙa wa mai gawayi, ta yi ta taɓa wuyanta kamar wadda ta manta wani abu. A gaban alƙali ta ba da katinta, ya tambaye ta ko wanda ke layin nan ɗanta ne, ta ce ita ta haife shi, ranar Laraba, ana ruwa. Bai tambayi komai ba kuma. Ya duba ya ga babu tuhuma babu dosiye, ya girgiza kai ya sa hannu. Duka abin bai kai minti biyar ba. Wata bakwai, saboda minti biyar ɗin da ba wanda ya nema. Na fita baranda na riƙe ƙarfe.

Ni na kai takardar gidan yari da hannuna, amma Metir ta hana ni shiga, ta ce fuskata ta riga ta yi ɓarnarta a can. Muka jira a waje da Inna. Da ya fito, idonsa na hagu a rufe yake ya kumbura, hannunsa na dama a naɗe da tsumma, yatsu uku sun karkace. Yana tafiya yana jan numfashi ta baki. A tsakar gidan can da na gan shi, rama ce kawai a jikinsa. Duk sauran a cikin kwana ukun nan aka yi masa su. Ya gaida Inna da Sango, ya bi bayanta. Ni bai dube ni ba. Haka muka taka har gada, ya ciro gicciyen da hannun hagu ya ajiye shi a kan buhun gawayi a hankali, ya ce wa tsohuwar ta ba wanda zai yi amfani da shi. Baba yana tsaye a ƙofar shago tun safe. Ya kama kan Yaya da hannu biyu ya yi ta kiran sunansa na gaskiya.

Ba a yi sallar gawar ba, matarsa ba ta bi ayari ba. Idon bai dawo ba, yatsun kuma suka warke a karkace, ba su iya matse birki. Ya bar babur, ya koma zaman shago.

Ni kuma Duwala ta fita daga raina, ban ma san ranar da ta fita ba. Na ci gaba da zuwa ofishin Metir bayan an sallami sauran ɗalibai, don akwai sauran layukan nan masu gidaje fayau, kuma na riga na san abin da ke bayan kowanne. Da na gama jami'a na zauna jarrabawar magatakarda na ci. Yanzu shekaru ke nan ina ɓangaren da ke bin maganar waɗanda ake tsare da su kafin shari'a. Ba wani babban abu nake yi ba. Kowace Litinin ina fitar da jerin waɗanda ba su da dosiye in ajiye a teburin alƙali, in ya ture in dawo da shi Talata. Na yi faɗa shekara biyu kafin a yarda a riƙa shigar da sabon tsararre ɗaki shi kaɗai, a rufe ƙofa, a tambaye shi wa yake so a sanar cewa yana nan. An yarda a wani wuri, a wani wuri har yanzu ana yi mini dariya. Ɗaliban da ake turo mini kuwa, kafin su taka gidan yari sai na tsare su na tambaye su ko suna neman wani nasu, in kuma suna nema su faɗa mini a nan. Suna cewa na cika masifa. Ban musa ba.

Yaya bai taɓa ɗaga maganar ba. Muna gaisawa, yana tsokanata a kan baƙar rigar aiki, in na zo shago ya sa a auna mini shinkafa. Na sha shirya kalaman neman gafara, in na zo gabansa su watse. Na ɗauka lokaci ya shafe abin.

Wata Juma'a, bayan an buɗe hanyoyi mutane sun fara dawowa, na fito daga gida daidai an sallame salla a babban masallaci. Titin Koudoukou cike, babura na ƙara, masu turare na kiran ciniki. Na hango shi a ɗaya gefen cikin farar riga, riƙe da hannun 'yarsa, ta kai shekara shida lokacin. Raina ya yi fari, na ɗaga hannu na kira shi da ƙarfi, “Yaya!”

Ya saki hannun yarinyar ya durƙushe a tsakiyar titi, ya rufe kansa da hannu biyu. Mutane suka dare suna dube-dube ko harbi aka yi. Yarinyar ta tsaya a kansa tana jan rigarsa. Ya ɗan jima a haka, sa'annan ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwoyinsa, ya kama hannunta ya ƙetaro inda nake. Ina ta cewa ya yafe mini, ya yafe mini, na yau da na wancan karon, maganar tana fita a hargitse.

“Na yafe miki tun ina ciki,” ya ce. “Da ba ki zo ba da can zan mutu. Amma don Allah kada ki ƙara kirana daga nesa.”

Ban ƙara ba. In na hango shi, ko a cikin gida ne, sai in taka in je in tsaya ta gefen idon da ke gani, in jira ya ɗago.